InCD, DirectCD ko DLA: wanne zan ɗora don CD-RW a tsohuwar Windows?

Sanin Zane: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin tsofaffin kwamfutoci a taimaka min. Ina da wata tsohuwar destop mai Windows 98 SE, ita ke jan injin yankan sitika na, kuma manhajar injin ba ta tashi a kan komai sai 98 ɗin saboda makullinta, ɗan abin da in ba a soka shi ba manhajar ba ta aiki, a bakin firinta na da ake soka shi, wannan mai faɗin. Zanen kuwa a laftof mai XP nake yi. Matsalar ita ce kai-kawon fayil, filofi 1.44MB ne kawai zane ɗaya mai nauyi ya cika shi, ramukan USB na destop ɗin kuma sun daɗe da mutuwa. Amma duka biyun suna da na'urar CD-RW, wato faifan CD da ake iya gogewa a sake rubutu a kai. So nake in riƙa jan fayil ina jefawa a faifai kamar filofi, in goge wanda na gama da shi, ba sai kullum na buɗe manhajar ƙona faifai na yi ta bin matakai ba. An ce min packet writing ake kiran abin, wato rubutun fakiti. Na ga sunayen manhajoji uku da ke yin sa, InCD da DirectCD da DLA, wanne ya fi?

Habu Gyara: Wa alaikumus salam. InCD kawai ka sa ka huta. Da Nero yake zuwa, manhajar ƙona faifai, na zamanin Nero 5.5 ko Nero 6 yana tafiya a 98 lafiya lau, ba shi da nauyi.

Kabiru IT: A'a Habu, kai komai Nero. DirectCD ne uban tafiyar nan, Adaptec suka yi shi yana zuwa tare da Easy CD Creator, daga baya Roxio ta ci gaba da shi har ta sauya masa suna zuwa Drag-to-Disc. Kuma yana rubutu a CD-R ma, faifan da ba a iya gogewa, ba RW kaɗai ba, in ka gama ka rufe faifan ya koma irin wanda kowace kwamfuta ke karantawa. InCD na wancan lokacin in ba faifan RW ba ko kallonsa ba ya yi.

Habu Gyara: To shi mutumin CD-R ya tambaya? RW ya ce. A CD-R in ka goge fayil ai sunansa ne kawai ya ɓace, wurin da ya ci ba ya dawowa, to ina amfanin.

Dan_Linux: Oga Sani wai tsakani da Allah Windows 98 a wannan zamanin 😂 tun Yulin 2006 Microsoft ta daina kula da ita, XP ɗin ma an binne ta a Afrilun 2014. Ka sauya sistem mana.

Sanin Zane: Ƙanena in ka samo min hanyar da injin zai yi yanka ba tare da 98 ba yau ɗin nan zan sauya. Kwamfutar ba ta taɓa shiga intanet ba, aikinta ɗaya ne kuma tana yin sa.

Dan_Linux: To na ji. Amma da USB ɗin na da rai da na ce ka nemi NUSB, wani direba ne da masu sha'awar 98 SE suka haɗa, shi ke sa ta gane filashi kowace iri. Ka duba in akwai ramin PCI da ba kowa a allon, katin USB na PCI ko katin netwok zai raba ka da wahalar faifan gaba ɗaya.

Sanin Zane: Ramukan duk a cike suke, kuma gsky tsoron taɓa cikinta nake, tana aiki kar in je in tayar da abin da ke kwance.

Ummi Data: Yaya Sani kafin su Habu su gama rigimar suna, ni shawarata daban ce. Kar ka yarda da wannan tsarin ga duk fayil ɗin da ba ka da kwafinsa a wani wuri. Ba maganar wace manhaja ba ce, tsarin ne kansa haka yake. Na taɓa ajiye aikin makaranta a irin faifan, ina cikin kwafi wuta ta ɗauke, da ta dawo na sa faifan kwamfuta ta nuna min kamar sabo ne ba komai a ciki har tana tambaya ko a yi fomatin. IsoBuster, manhajar ceto fayiloli daga faifai, shi ne ya tono min yawancin fayilolin, wasu kuma sun tafi har yau. Tun daga nan in zan yi amfani da RW sai dai in goge shi duka in ƙona sabo a zama ɗaya, manhajar ƙona faifai ta ImgBurn kyauta ce kuma tana tashi har a 98.

Habu Gyara: Ai in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu ko hadis ɗin ma, wato hard disk, yana iya lalacewa Ummi, ba laifin faifai ba ne.

Ummi Data: Hadis ScanDisk zai bi ya gyara maka, asarar ba ta wuce fayil ɗaya biyu. Nan kuwa faifan ne duka ke rufewa. Akwai bambanci.

Baba Injiniya: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kowa da gaskiyarsa, amma bari in ɗan warware yadda abin ke aiki don Sani ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Asali CD ba a yi shi don a riƙa rubutu kaɗan-kaɗan ba, layi ɗaya ne dogo da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, ana so a fara a zarce har ƙarshe. Da CD-RW ya fito a 1997 sai aka nemi dabarar yanka wannan layin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a iya sake rubuta ta ita kaɗai. Gunduwar ita ce fakiti. A RW girmanta tsayayye ne, gida 32 kowane gida 2KB, ya zama 64KB ke nan. To tsakanin fakiti da fakiti sai an bar gida 7 da ba a ajiye komai na mai faifai a ciki, don hasken na'urar ya san inda zai tsaya da inda zai kama. Ku lissafa, cikin kowane gida 39 naka 32 ne. Shi ya sa faifan 650MB in ka yi masa fomatin sai ka ga wajen 530MB, na 700MB kuma wajen 570MB. Mutane da yawa sun ɗauka manhajar ce ta cinye musu wuri, a'a, ko wacce ka sa haka za ka gani.

Tsarin fayilolin kuma UDF ne, ƙungiyar OSTA ce ta fitar da shi, kuma bugu na 1.50 shi ne ya zo da wannan rubutun fakiti. Duka ukun da Sani ya lissafa a kan UDF suke.

Abin da Ummi ta faɗa kuwa ga dalilinsa. Duk lokacin da ka ƙara fayil ko ka goge ko ka sauya masa suna, sai an sake rubuta wurin da jerin sunayen fayiloli yake. Wuri ɗaya ne ake ta sakewa. Faifan RW kuma kimanin sau 1000 aka ƙiyasta kowane wuri zai jure, saboda zafi ake sa wa wani siririn ƙarfe a ciki ya narke ya daskare, ya sake narkewa ya daskare. To tsakiyar faifan na nan sabo fil amma wurin jerin sunayen ya gaji. UDF 1.50 ya tanadi ɗan wurin ajiya da ake mayar da gidan da ya lalace can, sai dai ba shi da yawa, kuma in aka katse rubutu daidai lokacin da ake sabunta jerin, fayilolinka suna nan kwance a faifan amma babu mai nuna inda suke.

Ummi Data: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da ya same ni ke nan, shi ya sa IsoBuster ya iya ganin su, shi ba ya jiran jerin, bin faifan yake gida-gida.

Sanin Zane: Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Ni dai ba ajiya zan yi a kai ba, asalin zanen yana laftof, faifan ɗan aike ne kawai. In ya lalace in ɗauki wani.

Kabiru IT: To in haka ne ba matsala. Sa DirectCD a duka biyun. Amma na XP ka tabbata bugu na 5 ne da aka sabunta, na Easy CD Creator 4 an yi shi ne kafin XP ta fito.

Habu Gyara: Ko InCD a duka biyun 😁 Sani wane faifan manhaja ne ya zo a kwalin na'urar destop ɗin? Kuma tsaya ma, kafin ka ɗora komai a laftof ɗin shiga Add/Remove Programs ka duba ko akwai DLA a ciki. Laftof da yawa na zamanin XP, su Dell da HP da IBM, da shi suke fitowa daga kamfani, mai ita bai ma san yana ciki ba.

Sanin Zane: Na destop Nero ne ya zo da shi, har yanzu faifan na nan. Laftof kuma na duba yanzu, wlh akwai shi, Sonic DLA. Ban taɓa lura ba.

Habu Gyara: Ka gani ko. Da ka ɗora wani a kansa da yanzu labari ya sha bamban.

Aunty Bilki: Me zai faru in an haɗa biyu? Ni ma ina da tsohuwar XP a ofis da muke buga takardu, ina ga akwai Nero da Roxio duka a ciki.

Habu Gyara: Aunty manhajar ƙona faifai ta yau da kullum guda biyu suna iya zama tare, matsalar ita ce masu rubutun fakiti guda biyu. Su ba kamar sauran manhajoji ba ne da sai ka buɗe suke aiki, direba ne suke shiga tsakanin Windows da na'urar tun daga kunna kwamfuta, kowanne yana jiran a sa faifai ya cafke. Zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Abin da ake gani shi ne kwamfuta ta maƙale in an sa faifai, ko shuɗin allo, ko kuma na'urar ta ɓace daga My Computer gaba ɗaya ka shiga Device Manager ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kanta. Wani lokaci ko an cire manhajar ragowar direbanta na nan a rejistiri, inda Windows ke ajiye saitunanta, sai an shiga an goge UpperFilters da LowerFilters a ƙarƙashin maɓallin na'urorin CD, wanda ya fara da 4D36E965, sannan a kashe a kunna. Amma in ba ki saba da rejistiri ba kar ki taɓa, ki ba wanda ya sani. Ki duba dai ko InCD da Drag-to-Disc duka suna kusa da agogo a ƙasan allo, in duka suna nan ki cire ɗaya.

Aunty Bilki: To madalla, zan duba gobe in Allah ya kai mu. Amma ai XP da kanta tana rubutu a CD, ina jan fayil in jefa ta ce min akwai fayiloli suna jiran a rubuta.

Kabiru IT: Wannan ba rubutun fakiti ba ne Aunty, kama ce kawai. XP tara su take a wata folda a hadis, sai kin danna Write these files to CD sannan ta ƙona su a zama ɗaya, kuma ba za ki iya goge fayil ɗaya daga RW ba sai dai ki share faifan duka. UDF kuwa karantawa kawai take har zuwa 2.01, ba ta rubutawa. Sai a Vista aka sa na gaskiyar a cikin Windows, Live File System, wanda a Windows 7 in kin sa sabon faifai take tambaya ko a yi shi kamar filashi. Kuma duk wanda ya sa ɗaya daga cikin manhajojin nan a XP gara ya shiga Properties na na'urar, shafin Recording, ya cire alamar Enable CD recording don kar su riƙa karo.

Dan_Linux: Ba wanda ya ambaci Mount Rainier. Ai shi aka yi don maganin duk wannan, na'urar da kanta ke kula da wuraren da suka lalace ba manhaja ba, kuma fomatin a bayan fage take yi, minti ɗaya biyu ka fara aiki da faifan.

Baba Injiniya: Haka ne, Compaq da Microsoft da Philips da Sony suka haɗu a kansa, na'urorin da ke da shi wasu za ka ga an buga musu tambarin EasyWrite. Dabara ce mai kyau amma ba ta yaɗu ba, filashi ta zo ta sha gabanta. Ga Sani kuwa ba na ba shi shawara, don sai na'urar tana da shi, kuma faifan da aka yi wa wannan fomatin in ka kai shi na'urar da ba ta san shi ba sai an ƙara wata manhajar karantawa. Na'urar da ta zo da Windows 98 da wuya ta san shi. Ya yi fomatin na yau da kullum, ya haƙura da jiran, a gudun 4x faifan minti 74 zai ci kusan minti 20 ko fiye, sau ɗaya ne ai.

Amma Sani ina da tambaya. Fayilolin nan ta ina suke tafiya, daga laftof zuwa destop kaɗai, ko har da dawowa?

Sanin Zane: Daga laftof zuwa destop ne Baba. Abin da ke dawowa ɗan ƙaramin fayil ne jefi-jefi, filofi ma ya ishe shi, ina da na'urar filofi ta USB a laftof.

Baba Injiniya: To ai ka ga rigimar su Habu da Kabiru ba ta ma shafe ka ba. Mai rubutu a laftof kake buƙata, kuma kana da shi, DLA ɗin da ya zo da ita ya riga ya san na'urarta. Destop kuwa karatu kawai za ta yi. Kar ka ɗora mata InCD, kar ka ɗora mata DirectCD, ka bar ta yadda take tunda ita ce abincinka kuma 98 ba ta son a yi ta cusa mata direbobi. Abin da take buƙata ɗan ƙaramin mai karanta UDF ne, don ita da kanta 1.02 ta sani, irin na faifan DVD na fim, ba ta gane 1.50 na fakiti. Adaptec suna da UDF Reader da suka riƙa rabawa kyauta, Nero ma suna da nasu. Sa guda ɗaya, ka gwada da fayil ɗin da ba ka damu da shi ba.

Kabiru IT: Ka ga dai a ƙarshe Adaptec ɗin aka dawo 😎

Habu Gyara: Mai karatu aka ce malam, ba DirectCD ba. Baba ni inda nake da ja, Nero ɗin da ya zo da na'urar destop ai yana hannunsa, me zai hana ya cire DLA ya sa InCD a laftof, ya sa mai karatun Nero a destop, gida ɗaya ke nan ba a gauraya ba.

Baba Injiniya: Habu ka san Nero da ke zuwa a kwalin na'ura yawanci a ɗaure yake da wannan na'urar, in ka kai shi wata sai ya ƙi ganinta. Ko bai ɗaure ba, tsohon bugu ne, na'urar laftof bayansa ta fito, waɗannan manhajojin kuma da jerin na'urorin da suka sani suke aiki. Sannan cire DLA ɗin shi kansa wata ƙofa ce ta irin matsalar da kai da bakinka ka gaya wa Bilki. Abin da ke zaune lafiya a bar shi. In gwajin bai yi ba sai mu dawo kan shawararka.

Habu Gyara: To Baba, na bi. Amma ina nan a kan bakana InCD ya fi sauƙin sha'ani.

Ummi Data: Tunda dai za a yi, Yaya Sani ka kiyaye waɗannan. Kar ka buɗe zanen kana gyara shi kai tsaye daga kan faifan, manhajojin zane suna yawan ajiyewa da kansu kuma kowace ajiya sake rubuta fakitin 64KB ce ko da harafi ɗaya ka canza, ka gama a hadis sannan ka kwafa. In za ka cire faifan kar ka yi ta danna maɓallin na'urar, danna dama a kan harafin na'urar ka zaɓi Eject ka jira ta turo shi da kanta, don akwai abin da take ƙarasa rubutawa a lokacin. Kuma faifan da DLA ya yi wa fomatin kar a kai shi wata kwamfuta mai wata manhajar a yi rubutu a kai, karatu ba komai, rubutu ne ke kawo rikici. Ka sa biyu ko uku kana juyawa, wanda ya fara jinkirin buɗewa ka yar da shi kar ka tsaya lallashi.

Kabiru IT: Ƙari a kan na Ummi, ga masu DirectCD da ke karanta wannan, akwai wani zaɓi na matse fayiloli wajen fomatin, kar ku kunna shi in faifan zai je wata kwamfuta, sai mai karatun Roxio ne kaɗai zai buɗe shi.

Sanin Zane: Ngd sosai. Wata tambaya, faifan da na samu an rubuta High Speed a jikinsu, na'urar destop kuma 4x ce tsohuwa. Zai yi?

Baba Injiniya: Karatu zai yi. Rubutu ne ba zai yi ba, faifan RW aji-aji ne, na farko 1x zuwa 4x, sai High Speed daga 4x zuwa wajen 10x, sai Ultra Speed daga 16x zuwa 24x, kuma na'urar da ba ta da tambarin ajin ba ta iya rubutu a kansa. Ka ga wani dalilin ke nan na barin rubutu a laftof, ka duba dai gaban na'urarta akwai High Speed a gefen tambarin. Wanda ke da CD-ROM zalla na kafin 1997 shi ne ke cikin matsala, don RW ba ya mayar da haske sosai kamar faifan kamfani, sai na'ura mai MultiRead ke ganin sa. Taka tunda mai rubuta RW ce za ta gani. Ka kuma shiga Device Manager a 98 ɗin, Properties na na'urar, ka tabbata akwai alama a DMA, kwafin zai fi sauri.

Dan_Linux: Ni dai har yanzu katin netwok nake gani, waya ɗaya tsakaninsu an gama. Ka cire katin modem ɗin da na tabbata yana ciki ba ya aikin komai 😂

Sanin Zane: Jama'a na dawo da rahoto. Na yi fomatin a laftof da DLA, na zaɓi cikakke ba na sauri ba, ya nuna min 570 da 'yan kai kamar yadda Baba ya lissafa. Na sa UDF Reader a destop na kashe na kunna, na jefa zane uku a faifan na kai, ta buɗe su, na kwafa zuwa hadis injin ya yanka. Na koma laftof na goge ɗaya na ƙara wani, shi ma ta gani. Abu ɗaya dai, fayilolin da na kwafo duk sun zo da alamar Read-only, manhajar injin ta ƙi ajiye gyara a kansu.

Habu Gyara: Wannan halin tsofaffin Windows ne in an kwafo daga CD. Zaɓe su duka, danna dama, Properties, cire alamar Read-only, OK. In kuma suna da yawa a folda-folda buɗe MS-DOS Prompt a cikin foldar ka rubuta attrib -r *.* /s zai cire ta har na cikin ƙananan foldoji.

Aunty Bilki: Habu na duba tawa, InCD ne kaɗai a kusa da agogo, Roxio ɗin ashe ba a sa masa Drag-to-Disc ba. In bar su haka?

Habu Gyara: Bar su haka Aunty, ba abin da zai faru. In dai wata rana za a sake ɗora Roxio ɗin, a zaɓi Custom a cire alamar Drag-to-Disc kafin a danna Next.